Komawa Abuja a Lokacin Korona (Tambaya da Amsa daga Shekarar 2020)

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa a Kasuwar Wuse, amma ina Jos tun kafin a rufe Abuja ranar 30 ga Maris, 2020. Yanzu da aka buɗe hanya ina so in koma tare da mahaifiyata mai ciwon suga, sai dai hankalina bai kwanta ba. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne an ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, 2020, amma cutar tana nan. Shawarata ita ce ka koma kai kaɗai, ka bar Hajiya a Jos tukuna, domin tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini su ne korona ta fi jigatawa, kuma ɗan kasuwar da ya wuni yana karɓar kuɗi hannu da hannu yana iya kai ta gida ba tare da ya ji ko ciwon kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne motar haya, musamman cunkoson safiya daga Mararraba da Nyanya da ke gefen Abuja. Ka sanya takunkumi ya rufe hanci da baki, ka nemi wurin taga, kada ka shiga motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima. A ƙofar shago ka ajiye bokitin ruwa mai famfo da sabulu. Alamomin cutar kan ɗauki har kwana 14 kafin su bayyana, saboda haka in zazzaɓi, busasshen tari ko rashin jin ƙamshi ya same ka, ka killace kanka ka kira hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, wato NCDC.