Akwatin kifin da na haɗa ya fara yoyo: in daina ba da garanti?

Wani mai yankan gilashi a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, ya aiko da tambaya. Yana haɗa akwatunan gilashi na kifin ado, yana sayar wa otal-otal da masu gidaje. Kwanan nan an dawo masa da guda biyu suna yoyo, ya gyara kyauta, ribar ta narke. Shin ya daina ba da garanti ne?

Malam, Allah ya ba da kasuwa. Kada ka daina, garantin nan shi ne ya bambanta ka da mai kayan kanti. Sai dai ka gyara aiki tun daga shago.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, ga yashi da duwatsu. Matsin ruwan nan a kan siririn gam ɗin da ya haɗa gilasan yake dare da rana. In teburin kwastoma ya karkace ko kaɗan, kusurwa ɗaya ce za ta sha wahala har ta buɗe. Don haka kai da kanka za ka je ka girka, ka shimfiɗa farin soson kwalin firiji a ƙasa. Gam kuma sai silikon zalla. Wanda aka yi wa banɗaki yana da maganin funfuna, kuma yana kashe kifi. Ka bar shi ya bushe sosai, ka cika akwatin da ruwa kwana biyu kafin ya fita. In gyara ya kama, kada ka shafa sabo a kan tsoho, ba ya kamawa. Ka kankare da reza tas.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne kulawa, nan kuɗin yake. Ƙurar hunturu tana toshe famfon iska, wato ɗan injin da ke hura wa kifi iska a cikin ruwa ta tiyo, robar cikinsa kuma tana gajiya. In an ɗauke wuta, ruwa kan biyo tiyo ya koma cikin famfon, sai an sa ɗan makarin da ke hana shi komawa, ko a ɗora famfon sama da ruwan. Mai otal bai san wannan ba, bai kuma san cewa da ruwan akwatin ake wanke soson da ke tace dattin ruwan ba, domin kulorin na ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin da ke tsaftace ruwan. Kai ka sani, to ka sayar da sanin. Ku yi yarjejeniya a rubuce: ziyara duk wata, canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa, kuɗi kaza.

Garanti kuwa, shekara ɗaya a kan gam kaɗai, kuma ya faɗi in an ɗaga akwati da ruwa a ciki. A shawarata ka ware kashi 10 cikin 100 na kowane ciniki a asusun gyara daban, kada ka haɗa shi da jarin gilashi.