Ku Tambaya: Kakana Ya Yi Aiki a Jirgin Ruwa, Ina Zan Samo Labarinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni malamar lakwal ce a nan Tawa. Kakana na wajen uba mutumin Adar ne, ya rasu tun ina goye. Gwaggona, ɗiyarsa, ta ce ya bar gida yana saurayi a shekarar fara, ya tafi bida Kurmi. Ya daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba har aka fidda rai, sai ga shi wata rana da adakar ƙarfe, yana cewa a kan teku ya yi aiki. Kalma ɗaya ta riƙe daga bakinsa, Apapa. Ta ce kuma akwai tabon ƙuna a damtsensa. Adakar tana ɗakinta har yau, da hoto ɗaya a ciki da wani ɗan ƙarfe mai lamba. Akwai wani ɗan littafi mai kaurin bango da ya ɓoye, baffana ya tafi da shi Abijan. Ina so in san inda ya je da aikin da ya yi, don in gaya wa ƴaƴana. Daga ina zan fara?

Ɗiyarka, daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan kakanki, ya kai haske kabarinsa, ya kuma ƙara wa gwaggo lafiya.

Wasiƙarki na karanta ta sau uku, domin abin da ke hannunki ya fi wanda na fara da shi lokacin da na shiga neman nawa kakan. Amma ki fara sanin wannan: masu jiragen ruwa ba da sunan mutum suka jera takardunsu ba. Da sunan jirgi suka jera su, da lambarsa, da shekarar tafiya. In kin rubuta wa wani gidan adana takardu kin ce ga sunan kakana ku duba mini, ko amsa ba lalle ki samu ba. In kuwa kin ce jirgi kaza, lamba kaza, shekara kaza, akwai kwalin da za a sauko da shi. Saboda haka aikinki na farko a Tawa yake da Abijan, Turai sai daga baya.

Mu ɗauki shekarar fara. Fara ta sha sauka a ƙasar nan, amma wadda tsofaffi da yawa ke nufi ita ce ta yunwar 1931. A lokacin ga lanho a wuyan kowane magidanci, ga aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946, ga rumbu wayam. Samarin Adar suka yi ta bin hanyar Kwanni da Sakkwato. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, don haka mai ɗan guzuri na iya hawa jirgin ƙasa daga can ya gangara Ikko, wanda ba shi da shi kuma ya taka. Ki tambayi gwaggo wane sarki ke kan gado da ya tafi, wa ya haihu ko ya rasu a gidan a shekarar, da wa suka yi sa'a. Da irin waɗannan ake kama shekara. A gidan adana takardun ƙasa da ke nan Yamai akwai rahotannin da kwamandojin Faransa suka riƙa rubutawa bayan rangadi. Ba za ki ga labarin teku a cikinsu ba, amma za su taimake ki ki tabbatar da shekarar da yunwa ta watse da samarin yankinku.

Yanzu Apapa, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Apapa unguwa ce a Ikko, nan babbar tashar jiragen ruwa take, kuma dubban mutanenmu sun yi dako a bakinta ba tare da sun taɓa taka jirgi mai tafiya ba. Sai dai kuma Apapa sunan jirgi ne. Kamfanin Elder Dempster na Libaful, wanda a zamanin da ya daɗe yana riƙe da zirga-zirga tsakanin Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma, yakan raɗa wa jiragensa sunayen garuruwan gaɓar. Apapa uku ya yi. Na farko jirgin yaƙin Jamus mai nutso ya nutsar da shi a 1917. Na biyu ya fara aiki a 1927, jirgin saman Jamus ya jefa masa bam a yamma da ƙasar Ayalan a watan Nuwamba na 1940. Na uku ya zo a 1948. In lissafinmu na shekarar fara ya yi daidai, na biyun ne ya dace da samartakar kakanki.

A nan ne tabon nan na damtse zai yi magana. Ki zauna da gwaggo ki tambaye ta, a hankali, me ya ƙone shi. Yawancin jiragen kaya na wancan zamani da tururi suke tafiya. A can ƙasan cikinsu akwai masu turo kwal da baro daga rumbunsa, akwai masu watsa shi da shebur cikin bakin wuta, awa huɗu suna aiki awa takwas suna hutu, cikin zafin da ko tukuba ba ta kai shi ba. A jiragen gaɓar Afirka ta Yamma baƙar fata aka fi ɗauka wannan aikin, kuma da wuya mutum ya fito babu tabo. To Apapa na 1927 ba ya cin kwal, injin mai ne da shi. In gwaggo ta ce tana jin yana labarin shebur da gawayi da wuta, ki san ba a wannan jirgin ya yi ba. Apapa tashar da ya hau ce, jirgin kuma wani ne daban da za mu nema. In ta ce kicin ne, ko wanki da guga, ko tafasasshen ruwa ya zubo masa, to ƙofa a buɗe take, don Apapa jirgin fasinja ne mai ɗaukar kuku da masu wanki da masu hidimar ɗakuna.

Littafin da ke Abijan kuwa, in shi ne abin da nake zato, ya fi duk abin da ke cikin adakar daraja. A wancan zamani ma'aikacin jirgin Ingila akan ba shi ɗan littafin sallama. Kowace tafiya layi guda: sunan jirgi da lambarsa, rana da tashar da aka ɗauke shi, aikin da ya yi, rana da tashar da aka sallame shi, sai hatimi a kan ƙwazonsa da halinsa. Da shi yake neman aiki a jirgi na gaba, shi ya sa suke ɓoye shi kamar laya. Ko shafi ɗaya gara ta bari, ya isa.

Da zarar kin sami suna da lamba, ga inda takardun suke. Kowane jirgin Ingila mai tafiya ƙasashen waje yana da takardar yarjejeniya da ma'aikatansa, inda ake rubuta sunan kowa, shekarunsa, garin haihuwa, aikinsa, albashinsa, da sa hannu ko alamar da ya yi. Abin mamaki, mafi yawansu ba a Ingila suke ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na shekarun 1863 zuwa 1938 suna jami'ar Memorial da ke garin St John's a Kanada. Yawancin na shekarun da suka ƙare da biyar, kamar 1935, suna gidan tarihin teku na Girinic a Landan. Na shekarun yaƙi, 1939 zuwa 1946, suna babban gidan takardun Ingila da ke Kew. Takardun kamfanin Elder Dempster kansa suna gidan tarihin teku na Libaful. Na Kanada suna da shafin intanet inda za ki sa lambar jirgi ki ga shekarun da suke da su, sannan ki biya a ɗauko miki hoto. Cikin takardar akwai wani gurbi da nake so ki lura da shi, wanda aka rubuta jirgin da mutum ya baro kafin wannan. Da shi za ki riƙa ja da baya, jirgi bayan jirgi, har ki iso ranar da ya fara.

Kada ki nemi sunansa yadda kuke kiransa a gida. Akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Mamman yakan koma Mama ko Momo a hannun Ingilishi, ya koma Mamadou a hannun Bafaranshe. Sau da yawa sunan gari ko na ƙabila ake liƙa wa mutum a madadin sunan uba, sai ki ga Musa Hausa ko Musa Sokoto. Kuma ɗan Adar da ke neman aiki a ƙasar Ingilishi yana da dalilin cewa shi Basakkwace ne. In kin ga Sokoto a gurbin garin haihuwa, kada ki wuce da sauri. Ki dubi shekaru, ki dubi aiki, ki dubi waɗanda ke sama da ƙasa da shi a layi, don ƴan gari ɗaya sukan shiga jirgi tare.

Zan gaya miki kuma abin da zai iya sa ki fito hannu rabbana. Jiragen sukan ɗebi ƴan lodi a wata tasha, musamman Firitawun ta Saliyo, su bi gaɓa da su suna sauke kaya suna lodawa, su mayar da su inda suka ɗauko su. Waɗannan ba kasafai suke shiga babbar takardar ba. Mutum zai yi shekaru a kan teku da gaske, amma sunansa babu. In haka ta faru ba ƙarya kakanki ya yi ba.

Ɗan ƙarfen nan mai lamba, ki goge shi da tsumma kawai, kada ki sa masa toka ko lemun tsami. Zai yiwu lambar ɗan dako ce ta shiga tasha. Zai yiwu kuma ta soja ce, kuma a nan ne nawa labarin ya shigo. Kakana sojan Faransa ne, daga Dakar ya hau teku. Na yi sawu uku a wani ofishi da sunansa kaɗai, kowane zuwa a ce mini in dawo, har na yi fushi na bar maganar. Laifin nawa ne. Ƙanwarsa na raye a lokacin, a gidanmu take kwana, ban taɓa zama na tambaye ta ba. Sai bayan rasuwarta, ana raba kayanta, aka ciro wata jakar fata daga ƙarƙashin katifa, ga littafinsa na soja a ciki, da lambarsa da shekarar da aka ɗauke shi. Da wannan lambar na rubuta wa gidan takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa, inda aka ajiye na sojojin Afirka, aka aiko mini da takardar aikinsa. Na ga ranar da ya hau jirgi da ranar da ya sauka. Abin da ya gani tsakanin ranakun biyu, ita kaɗai ya gaya wa, ni kuwa ban tambaya ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Don haka ki je wurin gwaggo cikin satin nan. Ki je da hantsi, lokacin da ta karya ta huta, ki kai mata goro, ki ajiye wayarki tana ɗaukar murya, ki bar ta ta yi ta zuba ko da ta kauce hanya. Ki sa ta buɗe adakar da hannunta. Ki tambaye ta abincin da ya ƙi ci bayan ya dawo, kalmomin baƙin harshe da yake yi in ya husata, garuruwan da yake ambata, ko ya taɓa maganar sanyi da ƙanƙara. Wanda ya yi labarin ƙanƙara ya kai Turai. Wanda bai wuce Ankara da Takoradi da Fatakwal ba, gaɓa ya bi. Hoton ma ki juya bayansa, masu ɗaukar hoto na garuruwan gaɓa sukan buga hatiminsu da sunan gari.

Baffanki kuma kada ki ce ya aiko da littafin a mota, tsohuwar takarda ba ta jure hanya, kuma zai iya ɗauka ƙwace masa ake so a yi. Ki sa gwaggo ta kira shi da kanta. Ya sami yaro mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi a hasken rana, har da bango da shafukan da ba a rubuta komai ba, ya turo miki ta WhatsApp. In sun iso, ki aiko mini da su ta ofishin mujalla tare da hoton ɗan ƙarfen, gaba da baya, mu karanta tare.