Yara bakwai za su kwana a gidanki: amsar muryar da Anti ta turo

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na ji muryarki tun ɗazu, hannuna ne ba sarari shi ya sa sai yanzu. Kin ce 'yarki ta matsa miki lamba sai ƙawayenta da 'ya'yan 'yan'uwa sun zo sun kwana a dogon hutun nan, su bakwai, ƙaramarsu shekara 7, babbarsu 12, kina tambaya me za ki shirya musu don kada kowace ta dunƙule da waya, ko a ɓige da faɗa. To ba ni aron hankalinki, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Kada ki cika daren da shirye-shirye. Abu uku ko huɗu ya isa. Inda aikin yake shi ne yadda za ki jera su: na gudu da ihu tun da sauran rana, na zama a yi da hannu a tsakiya, na shiru a ƙarshe. Ki ɗauke shi kamar gangara, ana sauka a hankali har a kai ga barci. Ni na taɓa juya shi, na bar musu wasan ɓuya sai wajen ƙarfe goma na dare, jikinsu ya ɗau zafi, ƙarfe ɗaya ta yi ba wadda ta runtsa, da safe kuwa kuka da ƙunci ne suka tashe ni. Tun daga ranar na gane.

Da la'asar, suna isowa, ki sa su neman ɓoyayyen kaya. Ki rubuta takardu kamar takwas, kowace ɗauke da kacici-kacici da zai kai su ga ta gaba. Misali: ina da fuska ba ni da baki, ina da hannu ba na ɗaukar kaya. Sai su ruga wajen agogo, su tarar da wata takardar a bayansa. Ita kuma ta ce: kullum ke nake nuna miki, amma ban taɓa ce miki uffan ba. Madubi ke nan. A ƙarshe su sami kwali da 'yan kyaututtuka, kuma ki tabbata guda bakwai ne iri ɗaya, kada wata ta fi wata. Amma ki ji nan da kyau: kada ki bari su zaɓi ƙungiya da kansu. In kin bari, wadda aka bari a ƙarshe ta gama shan daɗin daren tun ba a fara ba. Ki rubuta sunaye, ki nannaɗe, a zara. Kuma ki ba ƙaramar aiki nata na kanta, ita ce mai karanta takarda, ba wadda za ta fizge.

'Yan 11 da 12 ɗin nan fa, su ne masu wuya. Suna ganin sun wuce wasan yara, alhali ransu na so. Maganinsu ki ɗora musu nauyi. Zagaye na biyu su za su rubuta kacici-kacicin, su ɓoye, ƙanana su nema. Za ki ga wadda ta shigo tana yatsina fuska ita ce ke rarrafe ƙarƙashin gado tana ɓoye takarda.

Bayan magariba, an ci abinci, sai a koma na zama. Ki matso musu ruwan lemun tsami a ƙaramin kofi, ki ba kowace farar takarda da tsinken auduga, su rubuta wa juna saƙon sirri. In ya bushe ba a ganin komai. Sai ki ɗora dutsen guga a kai, rubutun ya fito ruwan ƙasa, domin inda ruwan lemun ya taɓa ya fi sauran takardar saurin ƙonewa. Gugar ke za ki yi da hannunki, kuma don Allah ba kyandir, ba ashana a wannan daren ko kaɗan.

Daga nan su kafa tanti a falo da kujeru da zannuwan gado. Kada ki taimaka sai sun nema, rushewar da sake ɗaurawar ita ce wasan. In ya tsaya, ki rataye farin zani guda, a kashe fitila, a kunna tocila a bayansa. Su yanka kwali siffar zaki, tsuntsu, jirgi, su manna a tsinke, su shirya wasan inuwa. Ki ba su minti 20 su tsara labarin, ke kuma ki zauna ki zama 'yar kallo. Da kansu za su gano cewa in abu ya matsa kusa da tocilar inuwarsa girma take yi, in ya koma kusa da zanin sai ta ƙanƙance ta fito tsaf. Na ga yarinya 'yar shekara 8 ta gano wannan, ta matso da ɗan kyanwar kwalinta jikin fitila har ya cika zanin gaba ɗaya, ya haɗiye zakin. Ihun da aka yi a ɗakin nan har yau ina jin sa a kunnena.

Yanzu ga wanda na fi so, shi ne kuma nake so ki ba shi lokaci. In gari ba hadari, ki shimfiɗa musu abin kwanciya a waje, inda yake a killace, a sa maganin sauro, a kwanta rigingine a kalli sama. A kashe fitilun waje. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan, sai an sake daga farko. In dole sai an haska, ki ɗaure jar leda a bakin tocila, jan haske ba ya kashe ido kamar fari. Da farko za su ce ba su ga komai ba. Ki ce su ƙirga. Can sai ki ji wata ta ce goma, wata ta ce talatin, daga nan a rasa lissafi.

Ki riƙe 'yan abubuwan da za ki gaya musu, ba a matsayin darasi ba, kamar hira. Tsakaninmu da wata kusan kilomita 384,000 ne, haskensa yana iso mana cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, na rana kuwa sai ya yi minti 8 da wani abu a hanya. Wanda yake ƙyaftawa tauraro ne, wanda haskensa ya tsaya cak sau da yawa duniya ce cikin masu zagaya rana. Zara ma da muke kira tauraruwa, duniya ce mai girma kusan kamar tamu. In kun ga wani haske mai ƙarfi yana ratsa sama a hankali, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, cikin 'yan mintoci ya ɓace, to wataƙila tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce. Tana sama da mu da kusan kilomita 400, tana kewaye duniya duk minti 90, kuma tun watan Nuwamban 2000 ba a raba ta da mutane a ciki ba. Hukumar NASA ta Amurka tana da manhaja mai suna Spot the Station da ke faɗin lokacin da za ta wuce ta kan inda kike. Ki ce wa yaro akwai mutane a cikin wancan ɗigon, ki ga yadda zai yi tsit.

In kuma za ki iya zaɓen rana, ki nufi wajen 12 ko 13 ga Agusta. Kowace shekara a lokacin duniya take ratsa ƙurar da wani tauraro mai wutsiya, Swift-Tuttle, ya bari a hanyarsa. 'Yan ɓarɓashin, yawanci ba su wuce ƙwayar yashi ba, su ne ke ƙonewa a sama mu ce tauraro ya faɗi. Sun fi yawa daga tsakar dare zuwa asuba, amma ba sai kin hana su barci ba, ko biyu suka gani da wuri ya ishe su labari.

Maganar waya kuwa, ki gama ta da iyaye tun kafin ranar. Ki ce musu lambarki ce a buɗe, duk mai son 'yarta ta kira ki. Wayoyin yara a kwando, a ɗakinki. Ai ko WhatsApp da TikTok da Facebook ɗin, a ƙa'idarsu sai mai shekara 13, ke kuma ba ki da ko ɗaya da ta kai. Kuma kada hoton 'yar wani ya hau intanet ba da sanin uwarta ba. In fim za a kalla, a kalla da wuri, ki riga su gani, kuma ban da na tsoro. Likitocin barci na Amurka, a shawarar da suka fitar a 2016, sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Dare ɗaya ba zai cika ba, mun sani, amma in an kashe fitila sha ɗaya saura, an yi ƙoƙari. A cikin tantin, maimakon labarin dodo, su yi labarin sarƙa, wannan ta faɗi jimla, ta kusa da ita ta ɗora, murya ƙasa-ƙasa.

Sauran magana ɗaya, kuma ta fi duk wasannin nan nauyi a wurina. A cikin bakwai ɗin nan akwai wadda za ta yi shiru da zarar an kashe fitila, kewar gida ta taso mata. Ba za ta faɗa ba. Shi ya sa tun da rana ki ja kowace gefe, ki nuna mata banɗaki, ki nuna mata ƙofar ɗakinki, ki ce ko ƙarfe nawa ne ki tashe ni, kuma in kina son mamanki zan kira miki ita, ba abin kunya ba ne. Ki bar ɗan haske a hanyar banɗaki. Ki tambayi iyaye a keɓe: akwai mai asma, ta zo da abin shaƙarta? Akwai abin da in ta ci jikinta ba ya karɓa? Akwai mai tafiya cikin barci? Akwai mai fitsarin kwance? Wannan na ƙarshen har 'yan shekara 10 yana samu, ba laifinsu ba ne. Ki sa leda ƙarƙashin shimfiɗar, ki ajiye kayan canji inda ita kaɗai ta sani, in ya faru ku gyara ku biyu kafin sauran su farka. Ki kafa doka a gaban kowa: ba a tsokanar wadda ta fara barci, ba a yi mata zane a fuska, ba wasan tilasta wa mutum tona sirrinsa, kowace ta canza kaya ita kaɗai, ƙofa ba a kulle ta. Iyaye kuma su san su waye manyan da za su kwana a gidan. Masu 'ya'ya maza a cikinmu, duk wannan haka yake a kansu.

Da safe ki bar su su yi barcinsu, su kwance tantin da kansu, a tsayar da lokacin ɗauka kamar sha ɗaya, kafin gajiya ta koma rigima. Ki turo mini ranar da kika tsayar, ƙanwata, in duba miki kwanan wata, don in ya cika haskensa zai danne ƙananan taurarin, sai mu matsa da 'yan kwanaki. A gaida yaran.