Kada ka jingina gidanka na Birmingham don rufin ginin Kano

Wani ɗan'uwa daga Birmingham ya rubuto cikin damuwa. Ya sayi gida da bashin banki a 2021, yanzu wa'adin ƙayyadadden ruwan ya ƙare, abin da yake biya duk wata ya yi tashin gwauron zabi. Ga yayansa a Kano ya matsa masa lamba sai ya ƙarasa ginin gidan gado. Ana haka wani dillali ya ce zai samo masa bashi na biyu a kan gidan, kuma takardun albashi shi zai "gyara".

Ɗan'uwa, ka guji mutumin nan. Abin da yake tallata maka shi ne ya kifar da jama'a a 2008. Kafin lokacin, mutum kan faɗi albashinsa da baki a ba shi bashi, bankin Northern Rock ma har kashi 125 cikin 100 na darajar gida yake bayarwa. Bankin ya durƙushe a 2007, gwamnati ta karɓe shi a farkon 2008, kuma a 2009 kaɗai an ƙwace gidaje sama da 40,000 a Birtaniya. Shi ya sa tun Afrilun 2014 dole banki ya tantance abin da kake samu. Saboda haka gyaran da yake nufi jabu ne, kuma sa hannunka ne a ƙasan takardar, ba nasa ba. Idan asiri ya tonu, sunanka zai iya zama a rajistar Cifas, hukumar da bankuna ke kai wa sunayen masu zamba, har shekara 6, buɗe asusu ma ya zama aiki, balle ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa a duba halinka. Na ga waɗanda dillali ya karɓi la'adarsa ya kashe waya, ya bar su da wasiƙun kotu a bakin ƙofa.

Hauhawar biyan ba laifinka ba ce. Ruwan Babban Bankin Ingila yana kashi 0.1 lokacin da ka saya, ya kai 5.25 a Agustan 2023. Kira bankinka tun kafin ka tsallake wata ko ɗaya. A yarjejeniyar da manyan bankuna suka sa wa hannu a Yunin 2023, za ka iya neman biyan ruwa kawai na wata shida, ko a tsawaita shekarun bashin. Ƙungiyoyin agaji na StepChange da Citizens Advice kuma kyauta suke ba da shawara kan bashi.

Batun Yaya kuwa, ina bayanka. Zumunci wajibi ne, amma gidan da 'ya'yanka ke kwana ba rarar kuɗi ba ne, jingina ne a hannun banki har ranar da ka gama biya. Mutanen gida suna lissafa fam da naira, ba sa ganin takardar harajin gunduma da ta wuta. Ɗauki hoton wasiƙar bankin ka tura masa ta WhatsApp, ka faɗi abin da za ka iya aikawa duk wata ba tare da rance ba. A rufe ɗaki biyu bana, sauran su jira bayan damina.