Kawu, Ga Abin da Ke Kai Mu Gidan Yari

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan su Inna da yara duk suna lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce an gaya maka ni da wasu 'yan'uwa muna zarya gidan yari a nan birnin Shikago na Amurka, har ana karo-karo a masallaci don waɗanda suka gama wa'adinsu. Ka tambaya ko marayu da gajiyayyu sun ƙare ne da za mu koma kan 'yan kaso. Ban ga laifinka ba, ni ma da wannan tunanin na sauka ƙasar nan. A gida, in aka ce wane ya taɓa zaman Kurmawa, ko aure ya je nema sai an yi ta jan ƙafa.

Abin da ban sani ba a lokacin, Musuluncin da muka tarar a unguwannin baƙar fata, wani babban reshensa a kurkuku ya tsiro. Malcolm X, shahararren mai fafutukar 'yancin baƙar fata, yana ɗaure a jihar Massachusetts ya shiga Nation of Islam, wata ƙungiyar baƙar fata mai aƙidar da ta sha bamban da Musuluncin da muka sani, ya fito a 1952, sai da ya yi Hajji a 1964 ya kama hanyar Sunna. Daga 1975 Imam Warith Deen Mohammed ya ja dubban mabiyan mahaifinsa, wanda shi ne shugaban wannan ƙungiya, zuwa salla da azumi irin waɗanda muka sani. Ko damar riƙe littafin addini a ɗakin kaso, fursunoni ne suka yi ta shari'a a kanta: wani ɗaurarre a Stateville, nan jiharmu ta Illinois, ya kai kukansa har Kotun Ƙoli a 1964, kotu ta ce dole a saurare shi. Mu da muka zo daga Kano da Damagaram da Kumasi, kafin mu samu namu wurin, a sahun mutanen nan muka fara tsayawa. Su suka nuna mana inda ake samun naman halal.

Sannan ɗauri a nan ba irin na gida ba ne. A can, da azumi mai hali zai biya wa mutum tara, a sake shi, ya koma gidan ubansa, ko ba komai tuwon dare bai gagare shi ba. Nan kusan mutum miliyan 2 ne a tsare, kuma ranar fitowa ce farkon wata wahalar. Mai gidan haya zai duba sunanka a kwamfuta ya ce ba ɗaki. Mai aiki ma haka. Wani da na'ura ɗaure a idon sawu ake sakinsa, in ya wuce lokacin komawa gida a sake kama shi. Uwa ta rasu, mata ta yi wani aure, 'ya'ya ba su san shi ba. In ba wanda ya tare shi, 'yan ƙwayar layinsu na nan suna jira.

Wanda na fara ɗaukowa shekara 22 ya yi. Duk abin da ya mallaka yana cikin leda guda: wasiƙu, tabarau, da Alƙur'anin da bangonsa ya sha ɗinki. Mun tsaya a wani kanti zan saya masa takalmi, na wuce ciki, na waiga na gan shi tsaye a bakin ƙofa. Jira yake a buɗe masa, don shekara 22 gandiroba ke buɗe masa kowace ƙofa. Wallahi Kawu, hawaye na yi. Yau shi ke kiran sallar Asuba, kuma shi ya gyara wa ɗana karatun Tabara.

Ba mu muka fara aikin ba. Akwai ƙungiyar IMAN da Rami Nashashibi da abokansa suka kafa a 1997, tana kan titi na 63 a kudancin gari. Suna ba wanda ya fito masauki, su koya masa kafinta da aikin wutar lantarki, a sa su gyara gidajen da aka yi watsi da su a unguwar. Suna da asibiti kuma, ba a tambayar addininka kafin a duba ka. Namu bai kai nan ba: kai mutum neman katin shaida, kuɗin mota, buɗa-baki, da zama a saurare shi.

Kai ka karantar da ni Suratul Insan, inda Allah ya jera miskini da maraya da kamamme a aya guda. Maraya bai fita daga lissafinmu ba, kuɗin da muke aikowa gida duk wata shaida ne.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowa ke tsayuwa ba. Wani mun yi masa komai, wata huɗu ya koma ciki. Ya yi mana ciwo ƙwarai, amma har yanzu muna rubuta masa wasiƙa.

Asabar mai zuwa akwai wanda zai fito, ni zan je ɗauko shi. Sanyi ya shigo, na riga na saya masa rigar sanyi. Don Allah ka sa shi a addu'a bayan Asuba. A gaida Inna.