LZ4 ko Zstandard: wanne ya fi dacewa da ajiyar bayanan shago?

Malam, ka ce kana kwafe bayanan shagonka na Sakkwato kowane dare ka tura ta intanet, kuma gzip, manhajar da kake matse su da ita don rage girmansu, na cinye maka lokaci. LZ4 da Zstandard su ma manhajojin matse bayanai ne.

Ka fara duba inda cikas ɗin yake. LZ4 na matse fiye da MB 500 a daƙiƙa a kan ƙwayar firosesa guda, warwarewa kuwa ta fi GB guda, amma rubutu yakan ragu ne zuwa kusan rabi kawai. Dalili, maimaici kawai yake nema, cikin KB 64 na baya. In layinka MB 1 yake turawa a daƙiƙa, wannan gudun bai amfane ka da komai ba, data za ka ƙona.

Zstandard, wanda Facebook ya fitar a 2016, shi ne naka. Bayan neman maimaici yana ƙara matsewa da Huffman da FSE, dabarun da ke ba abin da ya fi yawan fitowa gajeriyar alama, don haka a matakin matsewarsa na asali, wato 3, yakan kamo gzip wajen rage girma ko ya wuce shi, cikin lokaci kaɗan. Sa zstd -T0 (zstd shi ne umarnin Zstandard) ya yi aiki da duk ƙwayoyin, ka ƙara --long in fayilolin manya ne masu kama da juna. Mataki na 19 jinkirinsa ya yi yawa ga aikin kullum.

Gwada da fayil ɗinka: zstd -b1 -e9 zai auna maka gudu da matsewar mataki na 1 zuwa 9. Amma da safe, don zafin Afrilu na sa laftof ta rage gudu, lissafin ya ruɗe. Hotunan JPEG da bidiyon MP4 kuwa a matse suke tun asali, ware su daban.