Amsa ga ƙanena da ke Jos, kafin ya biya ejan

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digirin kwamfuta a Jami'ar Jos, ka yi hidimar ƙasa, yanzu kana so ka zo Turai ka yi bincike kan yadda na'ura ke yanke hukunci daga bayanan da ke kwararowa ba tsayawa, fannin da ake kira stream reasoning a Turance. Ka kuma ce wani ejan a Abuja ya nemi kuɗi zai samo maka gurbi. Kada ka ba shi ko sisi. Malaman fannin nan ba su da yawa, imel ɗinsu kuwa yana shafin jami'o'insu.

Amma ka san aikin kuwa? A ce an ciri kuɗi da katinka a wajen mai POS a Taminus da ƙarfe biyu, bayan minti goma aka sake cira da shi a kasuwar Wuse. Ni da kai mun san ko direban da ya fi kowa ganganci ba zai gangara Hawan Kibo ya isa Abuja a minti goma ba. Na'ura ba ta san haka ba, sai an rubuta mata a matsayin ƙa'ida, kuma dole ta gano akwai lauje cikin naɗi kafin kuɗin su fita. Ba za ta iya riƙe duk abin da ya wuce ba, don haka ake yanka mata lokaci, a ce duba minti goman ƙarshe kawai. Wannan yankin shi ake kira taga.

Inda gizo ke saƙar shi ne makara. Netwok ya ɗauke, bayanin ƙarfe biyu bai iso ba sai biyu da rabi, alhali na'ura ta riga ta yanke hukunci. Ta yaya za ta janye shi, da duk abin da ta gina a kansa, ba tare da ta koma farko ba? Shekarata ta uku ke nan a Jamus ina kokawa da wannan tambaya ɗaya.

Fannin ya yi suna ne daga 2009, a hannun Emanuele Della Valle na Politecnico di Milano da abokan aikinsa, kuma a Milan ɗin aka ƙirƙiro C-SPARQL, wani yaren kwamfuta na yi wa bayanai masu kwararowa tambaya. A Vienna, su Thomas Eiter sun fito da LARS, tsarin rubuta ƙa'idoji kan irin waɗannan bayanai, a 2015. Apache Flink, da kamfanoni ke tace irin waɗannan bayanai da shi, daga wani bincike a Balin ya samo asali.

Ni na zo ina taƙama da na iya Python, yaren rubuta manhaja. Zangon farko ilimin manɗiƙi, wato logic, ya zaunar da ni, har na riƙa ɓoye takardar jarrabawata a ƙasan jaka. Saboda haka tun kana gida ka sauke Clingo na Jami'ar Potsdam, manhajar da ake rubuta ƙa'idojin manɗiƙi da ita, kyauta ne, tsohuwar laftof ɗinka ma za ta ɗauka. Ka rubuta misalin POS ɗin nan da kanka, ka sa shi a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke baje aikinsu. Farfesa ya fi kula wasiƙa mai ɗauke da ɗan aiki a kan mai shafi uku na yabo.

Batun kuɗi: yawancin jami'o'in gwamnati a nan ba sa karɓar kuɗin karatu, amma bizar ɗalibi tana buƙatar ka nuna abin da za ka ci, galibi a rufaffen asusu. Tun 2024 adadin Yuro 11,904 ne na shekara. Ka juya shi zuwa naira kafin ka tayar wa Baba da maganar filinsa na Rikkos. Digiri na uku kuwa sau da yawa aiki ne mai albashi, akwai kuma tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje tallafin karatu.

Sanyin Jos da kake cewa ya horar da kai, na yi dariya. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara.

Ka turo mini abin da ka rubuta nan da wata biyu in duba, sannan mu zaɓi malamin da za ka tuntuɓa. Ka gaishe da Inna, ka ce yajin da ta aiko ya iso.